Ofishin kula da ma'aikata a makarantun gwamnatin Sakkwato: yadda aikin yake da yadda ake hawa matakansa

Sunan kowane malamin makarantar gwamnati a jihar Sakkwato yana rubuce a wuri uku: a takardar biyan albashi, a jerin sunayen ma'aikata da ofishin ilimi ke riƙe da shi, da kuma rajistar da yake sa wa hannu da safe a teburin hedimasta. In wuraren nan uku suka faɗi magana ɗaya, yara na da malami a aji. In suka saɓa, ɗayan biyu ne: ko wani na cin albashi ba ya koyarwa, ko wani na koyarwa haƙƙinsa na maƙale a teburin wani. Sashen kula da ma'aikata, wanda a ofisoshi da yawa ake haɗa shi da sashen mulki, aikinsa na asali ke nan, ya sa takardun nan su daidaita kowane wata. Ɗaukar aiki, tura malamai makarantu, ƙarin girma, ladabtarwa da ritaya duk a kan wannan suke hawa.

Abu na farko da mai son shiga wannan layi zai gane shi ne wa ke da iko da wa. A nan Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ita ta tanadi hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, da irinta a kowace jiha, wato SUBEB, da hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma, wadda Sakataren Ilimi ke jagoranta. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 23, don haka ofisoshin Sakataren Ilimi 23 ne, daga Kebbe har Sabon Birni. Tsarin da aka saba da shi shi ne ma'aikatan da ke matakin albashi na 01 zuwa 06 ofishin ƙaramar hukuma ke kula da ɗaukarsu da ƙarin girmansu da ladabtar da su, daga mataki na 07 zuwa sama kuma SUBEB ce. Tunda mai NCE a mataki na 07 yake shiga, mai digiri kuma a 08, kusan duk ƙwararren malami maganarsa a hedkwatar SUBEB take ƙarewa. Malaman babbar sakandare layinsu daban ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi da hukumar kula da aikin malamai.

Kuɗin kuma daga wani hannu yake fitowa. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya da doka ta ware wa UBEC ba na albashi ba ne, na gini ne da kayan aiki da horar da malamai. Ke nan mai ɗaukar malami daban, mai ganinsa kullum daban, mai biyansa daban. Yawancin jinkirin da malamai ke kuka da shi a tsakanin waɗannan hannaye yake faruwa, kuma jami'in da ya san ta inda takarda ke bi daga wannan hannu zuwa wancan ya riga ya san rabin aikin.

Ɗaukar aiki yana farawa ne da lissafi

Kafin a buga sanarwar neman malamai, sai an san guda nawa ake buƙata, a wace makaranta, a wane darasi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga 40 a babbar sakandare. Makarantar da ke da yara 420 tana buƙatar malaman aji 12, ban da hedimasta da malamin Larabci da addini. A sakandare lissafin da darasi ake yi. A ce makaranta na da aji 12, kowane aji na yin Lissafi sau 5 a mako, darasi 60 ke nan. In an ɗora wa kowane malami 20 zuwa 24, malaman Lissafi uku ake buƙata. Makarantar na iya samun malamai 40 a takarda, amma in mai Lissafi ɗaya ne, tana cikin ƙarancin malamai. Shi ya sa jimillar ƙaramar hukuma ko ta jiha ba ta amfanar mai tsara aiki. Makaranta-makaranta ake dubawa, kuma ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da sashen tsare-tsare ke yi ita ce madogara. In hedimasta ya kumbura yawan yara don ya samu ƙarin kaya, lissafin ya lalace tun daga tushe, don haka ake tura mai duba makarantu ya ƙirga kawuna a ranar da ba a sanar ba.

Bayan an samu amincewar gwamnati a rubuce da tabbacin kuɗin biya sai tantancewa. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista, kuma tun 2017 sai an ci jarabawarta. Mai digirin da ba na koyarwa ba yana buƙatar diflomar koyarwa, da shaidar hidimar ƙasa ko ta yafewa. Inda ake yawan yin sake shi ne tabbatar da satifiket. Hoton takarda da mai neman aiki ya kawo ba hujja ba ne. Ofis ne zai rubuta wa kwaleji ko jami'ar da ta ba da ita, amsa kuma ta dawo ta hannun ofis, ba ta hannun mai neman aikin ba. Sannan jarabawar rubutu, da ganawa, da abin da ya fi su duka: a ba shi alli da minti goma ya koyar da darasi ɗaya a gaban kwamiti. A nan ake gane wanda zai iya riƙe aji.

Abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarabawar gwaji ta sallame su, ya jawo yajin aiki da cece-kuce mai tsawo. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, wani abu a fili yake: waɗannan mutane ta ƙofar wani ofis suka shiga, wani jami'i ya sa hannu a takardunsu. Gwaji a bakin ƙofa ya fi sauƙi da adalci a kan gwaji bayan mutum ya shekara goma sha biyar yana ciyar da iyali da albashin.

Akwai kuma ɗauka ta bayan fage da ake kira maye gurbi. Malami ya rasu ko ya yi ritaya, maimakon a cire sunansa sai a sa wani a kan kuɗin, ba talla, ba ganawa, wani lokaci ba fayil. Jimillar albashi ba ta motsa ba, don haka ba wanda ya lura. Ta nan ma'aikatan bogi da yawa ke shigowa. Maganinsa ƙa'ida ce ƙwaya ɗaya da ba a sassautawa: ba a saka suna a takardar albashi sai da takardar ɗauka daga hukumar da ke da ikon ɗaukar, da takardar kama aiki da hedimastan makarantar da aka tura mutum ya sa wa hannu, da ranar da ya fara.

Fayil

A nan ya kamata a daɗe, don rayuwar aikin mutum gaba ɗaya a cikin wannan kwali take. Kowane ma'aikaci na da fayil biyu, na fili da na sirri. Na fili yana ɗauke da takardar ɗaukar aiki ta farko, amincewarsa da tayin, takardar kama aiki, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, satifiket, rahoton likita, sunan magaji, takardun canjin wurin aiki da na hutu da na ƙarin girma. Na sirri kuma rahoton ƙwazo na shekara da al'amuran ladabtarwa. Kowace takarda da ta shiga ana buga mata lambar shafi a jere. Wannan lamba ba ado ba ce. In shafi na 23 ya bi na 21, an zare wani abu, kuma yawanci takardar tuhuma ce ko tsohuwar shaidar haihuwa. Fayil ba ya fita daga ɗakin ajiya sai an rubuta a littafi wa ya karɓa, yaushe, zuwa wane teburi. Ba a ba mai fayil fayil ɗinsa ya kai da hannunsa, komai girmansa da kirkinsa.

Ranaku biyu ne suka fi komai tsada a ciki: ranar haihuwa da ranar fara aiki. Ranar haihuwar da aka rubuta a farkon ɗauka ita ce ta aiki har ƙarshe. A ƙasarmu, inda mutane da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a asibiti ba, rantsuwar shekaru a kotu abu ne mai sauƙin samu, shi ya sa ake ganin fayil mai rantsuwa biyu ko uku. Jami'i mai lura yana gwada shekarar haihuwa da shekarar gama firamare. Wanda takardarsa ta ce an haife shi a 1972, ya kuma gama firamare a 1979, ya gama yana ɗan shekara bakwai ke nan. Ba sai an kira kowa ɓarawo ba. A rubuta masa, a nemi bayani, a miƙa wa kwamiti.

Saka bayanai a kwamfuta ya taimaka ƙwarai, musamman haɗa albashi da lambar BVN, don tana fallasa mai karɓa a wuri biyu. Amma BVN ba ta san wanda ya shiga aji ba. Mutum na iya zama na gaske, da yatsunsa da hotonsa, ya zo tantancewa da fara'a, alhali yana shagonsa a kasuwa shekara uku bai taka makaranta ba. Wannan rajistar makaranta ce kaɗai ke kama shi, da rahoton wata-wata da hedimasta ke aikowa, da bakin kwamitin al'umma na makaranta, wato SBMC. Kuma tun da aka yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, yawo da jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu a WhatsApp ya zama abin da zai iya jefa jami'i cikin matsala.

Tura malamai: inda alfarma ta fi shiga

Duk wanda ya zaga makarantun jihar nan ya san makarantun cikin gari, a Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da ɓangaren Wamakko da ya haɗe da birni, sun fi na karkara yawan malamai nesa ba kusa ba, alhali a ƙauyukan Gudu ko Tangaza ko Kebbe za ka iya tarar da mutum biyu ko uku suna riƙe da aji shida. Wannan ba daga sama ya faɗo ba. Takardar canji ɗaya-ɗaya ce ta tara shi, kowace da dalilinta mai kyau.

Ga yadda abin yake zuwa. Dattijo ya shigo ofis, aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali da gajiya. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwarka ce aka tura ƙauye, ga goyo, maigidanta kuma a nan cikin gari yake aiki. A taimaka." Maganarsa gaskiya ce, buƙatarsa halal ce. Jami'in da ba shi da ƙa'ida a rubuce ba shi da abin da zai ce sai "to, Baba, an gama." Wanda ke da ita zai iya cewa, "Baba, ta rubuto ta hannun hedimastanta. Kwamiti na zama a dogon hutu, kuma in an samu mai musaya da ita a darasinta, ba za ta wuce wannan zangon ba." Bai wulaƙanta dattijo ba, bai kuma bar aji ba malami ba.

Ƙa'idar da ke aiki ba ta da wuyar rubutawa. A riƙa canji sau ɗaya a shekara, kafin sabon zangon farko, ban da larurar lafiya ko tsaro. Kada a saki malami daga makarantar da ke ƙasa da adadinta sai wanda zai maye shi ya kama aiki. Kada a tura kowa makarantar da ta riga ta cika a wannan darasin. Sabon malami ya yi wasu shekaru da aka ƙayyade a inda aka fara tura shi, a rubuta hakan a takardar ɗaukarsa. Mafi inganci kuma, a ɗauki ɗan yankin don makarantar yankin, a sanar da gurbin da sunan makarantar. Wannan ya fi muhimmanci a kan malamai mata, don iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta ci gaba da karatu in akwai malama a makarantar. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u ta horar da jajis, matan da ke koma wa garuruwansu su karantar da 'yan'uwansu mata, tun ƙarni na 19.

Gabashin jihar, su Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya ƙara wata matsala. Malamin da ya bar ƙauye saboda 'yan bindiga bai gudu daga aiki ba, kuma zalunci ne a rubuta shi a matsayin wanda ya yi watsi da aikinsa. Amma barinsa ba wurin aiki shi ma kuskure ne. A ba shi takardar jingina ta wucin gadi zuwa makarantar garin da ya koma, inda galibi yaran da suka yi gudun hijira suka cika azuzuwa, a rubuta ranar da za a sake duba lamarin. In ba a yi haka ba, bayan shekara biyu ba wanda zai iya bambance wanda tsoro ya kora da wanda ya fake da tsoron.

Ƙarin girma

Sabon ma'aikaci yana yin shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi. Ofisoshi na yawan mantawa da takardar tabbatarwa, sai ranar ƙarin girma ko ritaya a tarar babu ita. Ƙa'idar aikin gwamnati ta tarayya, wadda jihohi suka kwaikwaya, ta sa mafi ƙarancin shekara biyu a kowane mataki daga 06 zuwa ƙasa, shekara uku daga 07 zuwa 14, shekara huɗu daga 15 zuwa sama. Daga mataki na 10 ana tsallakawa zuwa 12 ne. Cika shekarun yana ba mutum damar a duba shi ne kawai, sai an haɗa da rahoton ƙwazo na shekarun baya, da tsabtar fayil, da gurbi, da jarabawa ko ganawa inda ake yi.

Abin da ke ɓata wa malamai rai shi ne tazarar da ke tsakanin takarda da aljihu. Takardar ƙarin girma na iya ɗauke da rana biyu: ranar da girman ya fara ƙirguwa, da ranar da kuɗi ya fara. Ko bayan ta fito, albashi ba ya canzawa da kansa. Sai sashen ma'aikata ya aika wa sashen kuɗi takardar umarnin sauya albashi, da suna da lambar ma'aikaci da tsohon mataki da sabo da ranar farawa, mai binciken kuɗi ya duba, sannan a shigar. In wannan takarda ta kwana a aljihun teburi, malami zai shekara yana amsa sunan mataki na 10 yana karɓar kuɗin 09, bashin albashinsa, wato ariyas, na taruwa. In kuma matsalar rashin kuɗi ce daga sama, a gaya wa malamai da ƙungiyarsu ta NUT gaskiya, a biya bisa jerin wanda ya riga wani. Malami na iya haƙuri da jinkiri. Abin da ba ya yafewa shi ne ya ga wanda ya zo bayansa an biya shi don ya san wani.

Rahoton ƙwazo kuwa ya zama al'ada kawai a wurare da yawa: malami ya cike na shekara uku a zama ɗaya, hedimasta ya ba kowa maki mai kyau don a zauna lafiya. Gyaransa shi ne a ɗaure makin da abin da ake iya gani: kwanakin zuwa aiki, littafin shirin darasi, yawan aikin da aka ba yara aka duba, da rahoton mai duba makarantu. Malamin da ya ƙaro karatu, ya tashi daga NCE zuwa digiri, shi ma a duba ko da izinin hukuma ya tafi, ko darasin da ya karanta yana da alaƙa da aikinsa, kuma in da albashi ya tafi, ya dawo ya cika shekarun alƙawarin da ya sa wa hannu.

Ladabtarwa

Hukumomi na faɗuwa a shari'a da ma'aikacin da laifinsa a bayyane yake, saboda tsallake mataki. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki. Takardar tuhuma sai ta faɗi abin da aka yi, da rana, da ƙa'idar da aka karya, ta ba da lokacin amsa, wanda a ƙa'idar tarayya awa 72 ne. Ya sa hannu cewa ya karɓa. In amsar ba ta gamsar ba, a kai gaban kwamitin da ya dace da matakinsa, a ba shi damar ganin hujjojin da kare kansa, wanda ya kawo ƙarar kuma kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. Sakataren Ilimi ba shi da ikon korar ma'aikacin mataki na 08, shawara zai aika hedkwata. Hukunci ya bi girman laifi: gargaɗi, hana ƙarin shekara, rage mataki, sallama, ko kora, wadda ke sa mutum ya rasa haƙƙoƙin ritaya.

Abu ɗaya da bai kamata a ci gaba da yi ba shi ne mai da canjin wurin aiki hukunci. In an tura malamin da ba ya zuwa aiki ƙauye mai nisa, yaran ƙauyen aka hukunta. In zargin cin zarafin yaro ne, a raba shi da aji nan take, a sanar da hukumomin da doka ta ɗora wa bincike, a yi tuhumar ofis a gefe guda. Jihar na da dokar kare yara tun 2021. Sasantawa a zaure da tura mutumin wata makaranta cin amanar yaran can ne.

Ritaya lissafi ce da ya kamata ofis ya riga ma'aikaci yi. Tsohuwar ƙa'ida shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda aka haifa a 1966 ya fara aiki a 1990 ya cika 35 a 2025, shekara guda kafin ya kai 60. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malamai zuwa 65 ko 40, amma aiwatar da ita ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka sakular da gwamnatin jiha ta fitar ita jami'i zai buɗe. A fitar da jerin masu ritaya na shekara mai zuwa tun yanzu, a rubuta wa kowa, a gyara fayilolinsu suna nan da ƙarfinsu. Wanda aka bari ya zarce lokaci, albashin da ya ci za a cire daga garatutinsa, tsoho ya biya kuɗin sakacin ofis. In ma'aikaci ya rasu, a tsayar da albashi a watan, a buɗe fayil ɗin haƙƙin magada a makon, kada a bar marayu da gwauruwa suna sintiri a sakatariya.

Matakan aikin da shugabancinsa

Ƙofa biyu ake shiga. Ta farko ta layin mulki: mai shaidar sakandare ya fara a akawu, mai difloma a layin jami'an zartarwa wanda ke tuƙewa a mataki na 14, mai digiri kuma a jami'in mulki mataki na 08, ya hau 09, 10, 12, 13, 14, daga nan mataimakin darakta har darakta. Wanda ya fara a akawu zai iya ƙaro karatu ya nemi sauya layi, kuma sau da yawa irinsu ne suka fi kowa sanin fayil. Ta biyu ta aji ce: malami, mataimakin hedimasta, hedimasta, mai duba makarantu, shugaban sashe a ofishin ilimi. Shehu Shagari da alli ya fara, ya koyar a Sakkwato da Argungu kafin ya shiga mulki. Muƙamin Sakataren Ilimi da na shugaban SUBEB naɗi ne, ba a kai su da ƙarin girma, kuma sukan canza da canjin gwamnati. Daraktan ma'aikata da mutanensa su ne ke zama, su ne ke riƙe tarihin hukumar.

Kowace ƙofa da raunin da take zuwa da shi. Ɗan layin mulki ya san ƙa'ida amma zai iya canza malamin Turanci ana saura wata ɗaya jarabawa bai ga aibu ba. Wanda ya shigo ta ƙofar aji ya san makaranta amma zai iya korar mutum da baki cikin fushi. Na farko ya riƙa bin masu duba makarantu yana zama a bayan aji. Na biyu ya zauna ya karanta ƙa'idojin aikin gwamnati, da tsarin matakan aiki, da ƙa'idojin kuɗi, da dokar da ta kafa hukumarsa. Dukansu su iya rubuta taƙaitaccen sharhi a fayil: ga batun, ga shafin hujja, ga ƙa'idar, ga shawara. Su kuma iya Excel har su gwada jerin sunaye biyu su fitar da bambancinsu. Wuraren ƙaro ilimi na kusa: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da karatun gudanar da ilimi da na mulki, cibiyar NIEPA da ke Ondo na horar da masu tsara ilimi, ASCON da ke Badagry na horar da jami'an gwamnati, CIPM kuma ita ce ƙungiyar ƙwararrun harkar ma'aikata da doka ta amince da ita tun 1992.

Shugaba a wannan sashe ana gane shi ne ta yadda ya raba aiki. Wanda ke shirya sauyin albashi kada ya zama shi ke amincewa da shi, wanda ke amincewa kada ya zama shi ke shigarwa a kwamfuta. Akawun da ya shekara goma shi kaɗai ke taɓa takardar albashi, a haɗa shi da wani a kuma sauya masa teburi, ko da amintacce ne, don kare shi da kare ofis. Umarnin da ya zo daga sama ta waya, a nemi a rubuto shi cikin ladabi. Wanda ke da hujja zai rubuto. A liƙa jerin waɗanda za a duba don ƙarin girma a allon sanarwa mako biyu kafin zama, don wanda aka tsallake ya yi magana. A ware rana ɗaya a mako ta sauraren koke, da littafin da ake rubuta ranar da koke ya shigo da ranar da aka warware shi, don malamin da ya biya kuɗin mota daga Illela ko Tambuwal kada a ce masa ya dawo gobe.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake buɗe tambayar ta wace hanya albashin malaman firamare zai riƙa bi, kuma NUT ta daɗe tana nuna fargaba kan barinsa a hannun ƙananan hukumomi. Duk yadda aka daidaita, za a nemi kowane ofishi ya faɗi malamansa nawa ne, a wane mataki, kuɗinsu nawa a wata, nawa za su yi ritaya cikin shekara uku. Waɗannan alƙaluma su ne ya kamata su zama shafin farko na takardar miƙa aiki duk lokacin da aka canza Sakataren Ilimi ko darakta, tare da jerin tuhume-tuhumen da ba a kammala ba, da ƙarin girman da ba a saka a albashi ba, da fayilolin magada da ke jiran sa hannu. Mai miƙawa da mai karɓa su sa hannu a gaban mai binciken kuɗi, kwafi ɗaya ya tafi hedkwata.